Idan Alƙali Ya Ce "A Kai Shi Asibiti a Duba Ƙwaƙwalwarsa": Me Umarnin Ke Nufi, Kuma Me Ke Biyo Baya?

A watan Satumbar 2021, ana tsaka da shari'ar Sheikh Abduljabbar Nasiru Kabara a Babbar Kotun Shari'ar Musulunci da ke Ƙofar Kudu a Kano, aka karanta masa tuhume-tuhumen da ake yi masa, bai ce uffan ba. Alƙali Ibrahim Sarki Yola bai ɗauki shirun nan a matsayin amsa laifi ba. Ya ba da umarnin a kai malamin asibitin Dawanau a duba lafiyar ƙwaƙwalwarsa, a kuma kai shi asibitin Murtala a duba kunnensa. Rahotanni suka dawo cewa lafiyarsa ƙalau, shari'a ta ɗora daga inda ta tsaya. A Fabrairun 2024 ma wata kotun shari'ar Musulunci a Kano ta ba da irin wannan umarni a kan fitacciyar 'yar TikTok ɗin nan Murja Ibrahim Kunya.

Duk lokacin da aka ji irin wannan labari, sai ka ga kawuna sun rabu. Wasu su ce an mayar da mutum mahaukaci don a zubar masa da mutunci. Wasu su ce ai ƙofar tsira ake buɗe masa, gobe za a ji an sallame shi da sunan ba shi da lafiya. Duka ɓangarorin biyu suna ɗaukar umarnin tamkar hukunci ne. A doka kuwa ba hukunci ba ne, tambaya ce alƙali ke yi wa likita. Kuma ba tambaya ɗaya ba ce a kullum. Ta danganta da matakin da shari'a take.

Tambayoyin da ake cakuɗawa

Ta farko ita ce: a yau ɗin nan, wannan mutumin da ke tsaye gaban kotu ya san abin da ake ciki? Ya fahimci tuhumar da ake masa, ya san bambancin amsa laifi da musantawa, zai iya zama da lauyansa ya ba shi labari mai kan gado, zai iya bin jawabin shaidu ya ce wannan ƙarya ne? Wannan tambayar ba ruwanta da ko ya aikata ko bai aikata ba. Idan amsar ta zama a'a, ba a wanke shi ba. An dai dakatar da shari'a har ya samu lafiya, sannan a dawo a ci gaba. Umarnin da aka bayar a Ƙofar Kudu na wannan rukunin ne.

Ta biyu ta fi wuya, domin baya take dubawa: a daidai lokacin da aka aikata abin, hankalinsa na jikinsa? Mutum na iya zama garau a kotu yau, alhali ranar da abin ya faru yana cikin tsananin ciwo. Haka kuma yana iya zama lafiyayye ranar da ya yi ɓarna, zaman gidan yari ne ya taɓa shi daga baya. Likita a nan ba zai iya ganin ranar da idonsa ba, sai dai ya haɗa ta daga bakin 'yan uwa, maƙwabta, katin asibiti idan akwai, da bayanin da 'yan sanda suka rubuta.

Akwai ta uku, wadda ba a cika ambatonta ba alhali ita ta fi shafar talaka: an tabbatar ya yi laifin, to yanzu me ya kamata a yi da shi? Gidan gyaran hali, ko asibiti, ko a sake shi bisa sharaɗin zai riƙa zuwa ganin likita? A nan ne binciken shaye-shaye ya fi shigowa. Saurayin da aka kama ya saci wayar maƙwabci karo na uku don ya sayi tiramol, hankalinsa ɗaya a idon doka, amma alƙalin da ke son kada ya sake ganinsa karo na huɗu yana buƙatar sanin zurfin da ƙwaya ta yi a jikinsa.

Asalin abin ya girmi kotunan zamani

Masu ganin wannan bincike baƙon abu ne da Turawa suka kawo, sun manta da abin da ke cikin littattafan hadisi. Lokacin da Ma'izu ɗan Malik ya zo ya yi iƙirarin zina a gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba a wuce kai tsaye zuwa haddi ba. An tambaya ko yana da taɓin hankali, aka ce lafiyarsa lau. Aka tambaya ko ya sha giya, har wani mutum ya tashi ya shinshini bakinsa, bai ji warin komai ba. Tambayoyi biyun nan, ta hankali da ta maye, su ne dai kotuna ke aika wa likitoci a yau. Ga kuma hadisin nan sananne da ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da mahaukaci har ya dawo hayyacinsa.

Ta ɓangaren dokar da aka gada daga Ingila, tushen shi ne shari'ar Daniel M'Naghten ta 1843. Mutumin ya harbe Edward Drummond, sakataren Firaminista Robert Peel, a Landan, yana cikin ruɗun cewa 'yan jam'iyyar gwamnati na farautar ransa. Da aka wanke shi bisa dalilin hauka, jama'a suka fusata, sai Majalisar Dattawan Ingila ta nemi manyan alƙalai su fayyace ƙa'ida. Abin da suka fitar shi ne cewa ba kowane ciwon ƙwaƙwalwa ke ɗauke wa mutum alhaki ba, sai wanda ya hana shi sanin haƙiƙanin abin da yake aikatawa, ko sanin cewa abin ba daidai ba ne.

Wannan ma'aunin ne ya shigo Final Kod, kundin hukunta laifuka da Arewa ta fara aiki da shi a 1960. Sashe na 51 ya ce ba laifi ba ne abin da mutum ya aikata alhali taɓuwar hankali ta hana shi sanin yanayin aikin, ko sanin cewa kuskure ne ko saɓa wa doka. Kundin da ake amfani da shi a Kudu ya ɗan fi faɗi: sashe na 28 ya haɗa har da wanda ciwo ya hana shi iya riƙe kansa, ko da ya san abin da yake yi. Saboda haka mai ciwo iri ɗaya yana iya samun kariya a Inugu ya rasa ta a Katsina.

Wani abin lura shi ne doka na ɗaukar kowa a matsayin mai hankali har sai an nuna akasin haka, kuma nauyin nunawar yana kan wanda ake tuhuma. Ba a kuma ɗaure alƙali da maganar likita ba. Rahoton likita shaida ce kamar sauran shaidu; ana iya kiran likitan ya tsaya lauyoyi su yi masa tambayoyi, alƙali ya auna, ya karɓa ko ya ajiye. "Hauka" a bakin kotu hukunci ne na doka, ba sunan cuta ba. Mutum na iya shekara goma yana karɓar magani a asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ko na Barnawa, kotu ta ce ranar da ya yi abin ya san sarai me yake yi.

Yadda doka ta tsara tafiyar

A kotunan tarayya da na Abuja, Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA, ita ce jagora, kuma jihohi sun yi nasu a kan tsarinta. Kano ta yi tata a 2019. Daga sashe na 278 dokar ta ce idan kotu ta samu dalilin zargin cewa hankalin wanda ake tuhuma bai kai ya kare kansa ba, ta sa likita ya duba shi. Tana iya ɗage zama ta tura shi wurin da ya dace a sa masa ido na tsawon da bai wuce wata ɗaya ba, likita ya rubuto ra'ayinsa, idan lokacin bai ishe shi ba ya nemi ƙari. Buƙatar tana iya fitowa daga lauyan da ke karewa, ko mai gabatar da ƙara, ko alƙali ya ga alama da kansa.

Ikon tsare mutum don wannan dalili yana da gindi a Tsarin Mulkin 1999. Sashe na 35, wanda ya ba kowa 'yancin walwala, shi ne kuma ya yarda a tauye wannan 'yanci ga masu taɓin hankali da waɗanda ƙwaya ko giya ta kama, amma da sharaɗi: don a kula da su, a yi musu magani, ko a kare jama'a, kuma ta hanyar da doka ta tanada. Sharaɗin nan shi ne ma'aunin da ya kamata a riƙa ɗora kowane umarni a kai. Idan an tsare mutum da sunan magani amma ba likita ba magani, an fita daga abin da sashen ya halatta.

Shekaru masu yawa dokar da ke kula da wannan fanni ita ce Dokar Mahaukata ta 1958, wadda asalinta na 1916 ne, zamanin mulkin mallaka. Hankalinta ya fi karkata ga yadda za a killace mutum fiye da yadda zai warke. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbinta. Sabuwar ta amince cewa mai ciwon ƙwaƙwalwa yana da haƙƙin a nemi yardarsa, a riƙe sirrinsa, ya samu lauya, ya kuma ƙalubalanci kwantar da shi da aka yi ba da son ransa ba. Sai dai yawancin shari'un da talaka ke shiga a kotunan jiha ake yinsu, kotun majistare da ta shari'ar Musulunci, kuma tasirin dokar a can ya danganta da yadda kowace jiha ta rungume ta.

Abin da ke faruwa a ɗakin likita

Kalmar "gwajin ƙwaƙwalwa" na sa mutane su zaci wata na'ura ake ɗora wa mutum a ka ta nuna ja ko kore. Babu irin wannan na'ura. Hoton ƙwaƙwalwa da gwajin da ake manna wayoyi a fatar kai suna da amfani idan ana zargin farfaɗiya, ƙari ko tsohon rauni, amma yawancin cututtukan hankali ba sa fitowa a hoto. Ainihin aikin hira ce da sa ido.

Likita zai zaunar da mutum ya tambaye shi sunansa, yau wace rana, ina ne nan, wa ya kawo shi kuma don me. Zai ba shi sunayen abubuwa uku ya ce ya riƙe, bayan ɗan lokaci ya nemi ya maimaita. Zai tambaye shi barci, cin abinci, ko yana jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko yana ganin ana bibiyarsa. Zai ce masa: mene ne aikin alƙali, mene ne aikin lauyanka, idan ka ce "na aikata" me zai biyo baya? Yana yi yana lura da abin da baki bai faɗa ba, wato tsabtar jiki, kallon ido, yadda zance ke tsalle daga wannan batu zuwa wancan. Sannan a kira uwa, ko mata, ko yayan da suka tashi tare, a ji tun yaushe aka fara ganin canji.

Wani amfanin makonnin da doka ta bayar, ba awanni ba, shi ne gano masu haukan ƙarya. Wanda ke kwaikwayo yakan wuce gona da iri: ya ce bai san sunansa ba, bai san biyu a tara da biyu ba, alhali masu ciwon na gaske galibi sun san waɗannan. Zai iya yin sambatu na rabin awa gaban likita, amma ma'aikatan jinya na ganinsa da daddare yana hira daidai da maƙwabcin gadonsa, yana lissafin canjinsa ba kuskure. Akwai kuma kishiyar haka, wadda ta fi yawa a wurinmu: mai ciwon gaske da ke ɓoyewa iya ƙarfinsa, shi da danginsa, don gudun a ce gidansu akwai hauka.

Muhimmin abin da ba a cika gaya wa mutane ba shi ne wannan likitan ba likitanka ba ne. Wanda ka je wurinsa da ƙafarka yana riƙe sirrinka. Wanda kotu ta aiko ka wurinsa kotu zai kai wa rahoto. Ladabin aikin ya wajabta masa ya faɗa maka haka tun kafin a fara. A Amurka har Kotun Ƙoli ta yanke a 1981 cewa ba za a yi amfani da abin da mutum ya faɗa a irin wannan hira don tsananta masa hukunci ba matuƙar ba a gargaɗe shi tun farko cewa yana da damar yin shiru ba.

Fitsari na nuna an sha, ba ya nuna an kamu

Gwajin ƙwaya da aka fi sani shi ne na fitsari: ɗan kofi da wani tsinke mai layuka, cikin mintuna kaɗan sakamako ya fito. Jama'ar Kano sun saba jin labarinsa tun da aka fara tura 'yan takarar ƙananan hukumomi da masu neman muƙami wurin hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi. Wancan sharaɗin neman kujera ne, ba umarnin kotu ba, amma kayan aikin ɗaya ne, kuma iyakarsu ɗaya ce.

Kodin da danginsa sukan ɓace daga fitsari cikin kwana biyu zuwa uku. Wiwi na iya daɗewa har kusan wata guda a jikin wanda ya saba sha kullum. Ma'ana, wanda ya daina wiwi makonni uku da suka wuce yana iya faɗuwa gwaji, wanda kuwa ya kwankwaɗi kodin a makon jiya ya tsallake. Tiramol ma ba ya fitowa a layin da ke kama kodin, sai in tsinken na da nasa layin daban. Wasu magungunan asibiti na halal kan sa tsinken ya nuna abin da babu, shi ya sa ƙa'idar aiki ita ce duk sakamakon da za a gina hukunci a kansa a sake tabbatar da shi a babban ɗakin gwaji. Wannan mataki na biyu yana da tsada, kuma shi ne aka fi tsallakewa.

Ko da sakamakon ya inganta, abin da ya nuna kawai shi ne wani abu ya shiga jiki kwanan nan. Kamuwa kuwa wani abu ne daban, kuma da hira ake gano ta: shin mutum ya kasa tsayawa ko ya yi niyya, shin shan ya ture sana'a da iyali gefe, shin sai ya ƙara adadi kafin ya ji abin da yake ji a da, shin jikinsa na rawa da zufa da ciwon gaɓoɓi idan bai samu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya na da jerin tambayoyi da aka tsara don wannan. Rahoto mai amfani ga alƙali shi ne wanda ya ce wannan gargaɗi da shawara sun ishe shi, wannan yana buƙatar zuwa asibiti duk mako, wannan kuwa sai an kwantar da shi. Sau da yawa kuma ciwon biyu tare suke tafiya: wani ƙwaya ce ta jawo masa ruɗewa, wani kuwa ciwon damuwa ne ya fara kama shi ya nemi sauƙi a kwalba.

Girman matsalar ba ɓoyayye ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya da laifuka a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wata ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, wato kashi 14.4 cikin ɗari. Masu wiwi sun kai miliyan 10.6, masu irin su tiramol miliyan 4.6, masu maganin tari miliyan 2.4. Kusan ɗaya cikin biyar daga cikin mutum miliyan 14.3 ɗin nan ne abin ya zame wa ciwo. Wannan adadi na ƙarshe ya nuna kuskuren kiran duk wanda fitsarinsa ya nuna alama "ɗan ƙwaya".

"A buge nake" ba kariya ba ce

A nan dokar boko da fiƙihu sun haɗu. Final Kod ta ce wanda ya yi aiki cikin maye ana ɗaukarsa ya san abin da zai sani da bai sha ba. Sassauci a sashe na 52 na wanda aka ba wa abin maye ne ba da saninsa ba ko bisa tilas. A mazhabar Malikiyya ma, abin da Imam Malik ya tafi a kai shi ne wanda ya bugu da ganganci idan ya saki mace sakin ya auku, idan ya yi kisa a yi masa ƙisasi. Don haka iyayen da ke zaton cewa tabbatar wa kotu ɗansu na shan ƙwaya zai wanke shi, su san ba haka ba ne. Abin da rahoton zai iya yi shi ne taimaka wa alƙali wajen zaɓen irin hukuncin, a inda doka ta bar masa zaɓi. A wasu wuraren kuwa zaɓin ƙunci gare shi: dokar NDLEA ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da mallaka ko shan irin su hodar ibilis.

Inda aka daɗe ana gwadawa

Amurka ta mayar da wannan bincike abin yau da kullum. A can wanda aka kama yana tuƙi a buge, a yawancin jihohi sai an auna shaye-shayensa kafin a yanke masa hukunci ko a mayar masa da lasisi, kuma galibi shi ke biyan kuɗin. Iyayen da ke rigimar riƙon 'ya'ya bayan rabuwar aure ma alƙali kan tura su. A 1989 aka buɗe kotun farko ta musamman don masu shaye-shaye a Miami, lokacin da hodar ibilis ta cika gidajen yari. Yau irinta sun kai dubbai. Tsarin shi ne maimakon ɗauri, mutum ya shiga magani, a riƙa gwada fitsarinsa ba sanarwa, yana bayyana gaban alƙali ɗaya a kai a kai. Idan ya kammala a sassauta ko a soke tuhumar.

Bincike da dama sun nuna manyan da suka bi ta wannan hanya sun fi ƙarancin komawa laifi, ko da yake ragin matsakaici ne. Masu suka kuma na cewa sau da yawa sai mutum ya amsa laifi kafin a karɓe shi, kuma idan ya koma sha, wanda a likitance ɓangare ne na ciwon, sai ya ƙare da ɗaurin da ya fi wanda zai samu tun farko. Darasi na biyu daga can ya shafi tsarewa: a 1972 Kotun Ƙolinsu ta hana a ci gaba da riƙe wanda aka ce ba zai iya fuskantar shari'a ba har illa masha Allahu; ko dai a ga alamar zai warke cikin lokaci mai ma'ana, ko a bi wata hanyar doka, ko a sake shi. Game da tsoron cewa kowa zai fake da hauka, alƙalumansu sun nuna ba a kai ɗaya cikin ɗari na manyan shari'u ake kawo wannan kariya ba, kuma cikin waɗanda suka kawo kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne ke yin nasara.

Kusa da gida, Ghana ta sauya dokarta a 2020, ta mayar da hukuncin wanda aka kama da ƙwaya don shan kansa daga ɗauri zuwa tara, tana kallon kamuwa a matsayin matsalar lafiya.

Masu goyon baya da masu ɗari-ɗari

Masu goyon bayan a yawaita irin wannan umarni, ciki har da likitocin ƙwaƙwalwa da lauyoyi da yawa, hujjarsu ita ce shari'ar wanda bai san ana shari'arsa ba ba adalci ba ce, kuma gidan yari ba ya warkar da kamuwa. Suna ƙarawa da cewa ga matasa da yawa, ranar da aka gurfanar da su ita ce karo na farko da wani mai ilimin abin zai dube su.

Dangin waɗanda aka cutar suna da nasu ƙorafin, kuma ba na banza ba ne: kowane umarnin gwaji ɗage shari'a ne, shaidu na gajiya, kuma mai hali ya fi talaka iya nemo takardar asibiti. Masu kare haƙƙin ɗan Adam kuwa ta wata fuskar suke tsoro. Suna ganin umarnin na iya zama sanda a kan wanda halinsa ko ra'ayinsa ya saɓa wa jama'a, domin rashin kunya ko taurin kai ba cuta ba ne, kuma tambarin "an kai shi Dawanau" ba ya gogewa ko da rahoto ya ce lafiya lau. Kan maganin dole ma akwai saɓani: a 2012 hukumomi 12 na Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi kira a rufe cibiyoyin da ake tsare masu shaye-shaye da ƙarfi, suna cewa babu shaidar suna warkarwa. Amsar ɗaya ɓangaren ita ce, bai wa mutum zaɓi tsakanin magani da ɗauri, a gaban alƙali da lauya, daban yake da kulle shi ba shari'a.

Idan aka duba da kyau, saɓanin bai cika zama kan ko a yi gwajin ba. Ya fi zama kan wa zai yi shi, cikin kwana nawa, da inda za a kai mutum bayan an gama.

Abin da ke jiran talaka bayan rahoto

Nan ne gizo ke saƙar. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma waɗanda suka ƙware a aikin kotu kaɗan ne daga cikinsu. A Arewa manyan asibitocin fannin su ne Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, na Maiduguri da Dawanau, sai sassan da ke asibitocin koyarwa. Wanda ake shari'arsa a ƙaramar hukuma mai nisa, kafin a samu mota da mai da ma'aikacin da zai raka shi, wata ɗayan da doka ta ambata ya zama watanni. Yana wannan jira ne a gidan gyaran hali, inda kusan biyu cikin uku na mazauna dama jiran shari'a suke.

Wanda kotu ta samu ya aikata amma ba ya cikin hankalinsa ma ba gida yake tafiya ba. Ana ba da umarnin tsare shi, fitarsa kuma sai hukuma ta gamsu da rahoton likitoci. Idan ba mai bibiya, yana iya daɗewa fiye da wanda aka yanke wa hukunci kan laifi irin nasa. Lauyan kirki kan yi wa dangi wannan bayani kafin a ɗauko kariyar hauka a ƙaramin laifi.

Rashin wurin kaiwa shi ke tura iyaye gidan mari. Samamen da 'yan sanda suka kai Rigasa a Kaduna a Satumbar 2019, inda aka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, da wanda ya biyo baya a Daura, sun nuna cewa da yawa daga cikin waɗanda ke ciki danginsu ne suka kai su da hannunsu saboda shaye-shaye ko taɓin hankali, har suna biyan kuɗi. An rufe gidajen, amma buƙatar da ta cika su tana nan.

Ga iyalin da irin wannan umarni ya faɗo wa, akwai abubuwan da ke hannunsu. Su nemi lauya ya karɓo kwafin umarnin a rubuce, a ga wace tambaya aka yi wa likita, wane asibiti, da ranar komawa kotu. Su tattara tsofaffin katunan asibiti, takardun magani, har kwalayen magungunan da yake sha, domin su ne za su bayyana sakamakon fitsarin da ya zo da mamaki. Wanda ya fi sanin marar lafiyar ya je ya ba likita tarihi ba ɓoye-ɓoye, har da zuwa wurin mai ruƙiyya ko mai maganin gargajiya, da lokacin da aka fara. Idan rahoto ya fito suna da damar ganinsa ta hannun lauya, su nemi a kira likitan ya amsa tambayoyi, ko su roƙi kotu a ji ra'ayin likita na biyu. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya tuntuɓar Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, wadda ke da ofisoshi a jihohi. Idan kuma wa'adin da kotu ta ɗiba ya cika ba rahoto, lauya na da hurumin komawa gaban alƙali ya nemi a tilasta kawo shi ko a duba batun beli.